Kunyar Ɗan Fari da Wa'adin Jami'a

"Madam, baɗi ni ne na farko a layi. Ko da rarrafe ne zan kai dosiyena, tun kafin gam ɗin sanarwarsu ya bushe."

Maganarka ce wannan. Ka faɗe ta bara a bakin zaure, ranar da ka dawo daga jami'a da ambulan ɗin takardunka a hammata, ba a karɓa ba. Ban amsa maka ba, amma na ji, kuma ni malamar makaranta ce, abin da yaro ya faɗa a gabana ba ya ɓacewa. To, ga mu a baɗin. An liƙa sanarwa, gam ya bushe, yau kwana shida da buɗe rajista, kai kuwa kana Kore Mairuwa bisa babur ɗin kawunka Sani, kana jigilar mata da buhunan wake.

Na fara da faɗa kafin sallama, Allah ya yafe mini. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka da iyalinsa. Allah ya tsare ka bisa wannan babur, ya kiyaye ka daga rami da yashi da direban da ke gudu kamar an biyo shi. Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, babanka yana gaishe ka. Labarin gida ke nan, ba kuma don shi na ɗauki biro ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na gwada wayar. Sau uku ina danna lambarka, da ta fara ƙara sai in kashe. Kai ne ɗana na fari, shekara ashirin ban taɓa zama na yi maka magana ido da ido wadda ta wuce "an ci abinci?" ba, bakina bai san hanyar ba. Hannuna kuwa ya saba bin kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro. Yau nawa kuskuren zai bi. Zan liƙe ambulan ɗin da kaina, domin na gane saƙon baki ramewa yake yi a hanya.

Sani ya gaya mini kun shirya da abokanka, da an gama kaka za ku gangara bakin teku neman kuɗi. Ya ce ka ce jami'a ta zama tasha, ana zaune ana jiran motar da ba ta da mai. Zan zo kan wannan magana, don ba ƙarya ka yi gaba ɗaya ba. Amma kafin ka tafi ko'ina, akwai abubuwan da na yi waɗanda ya kamata ka sani, ko da za ka ƙi gaishe ni bayan ka karanta.

Ka san na taɓa shiga jami'a. Yadda na fito ne ba ka sani ba. A zamaninmu ma kuɗin gwamnati ya ƙafe. Aka yi watanni ba a biya ɗalibai buris ɗinsu na tallafin karatu ba, malamai suka ajiye alli, ɗakin cin abinci ya rufe, daga ƙarshe aka soke shekarar ɗungurungum kamar ba a yi ta ba. Na tattara littattafaina na koma garinmu Sukukutane wajen Inna, mahaifiyata. Da aka faɗa a rediyo cewa an sake buɗewa, kowa ya je ya sabunta rajista, sai na ce bari in ga ko da gaske suke, ba zan sha wahalar hanya don a sake yi mini wasa da hankali ba. Ina cikin "bari in gani" aka ce ana ɗaukar malaman firamare. Na ce in yi shekara ɗaya in koma. Shekarar nan ɗaya ce har yau ban gama ba.

Akwai wata ƙawata 'yar garin Ɗan Kassari, ni nake yi mata bayanin darasi a lokacin. Ita ba ta koma gida ba. Ta maƙale a ɗakin wata 'yar'uwarta a gari, tana yi musu wanke-wanke tana cin abin da aka rage, kullum safiya ta taka zuwa allon sanarwa. Ranar da aka buɗe tana tsaye a wurin. Yanzu in ta zo Dutsi cikin motar aiki, ni ce nake tashi in ba ta kujera. Ba ta fi ni kai ba, ta fi ni zama. Saboda haka in ka shiga aka yi yajin aiki, kuma za a yi, kada ka ɗauki jaka. Wanda ya yi fushi da jami'a ya tafi, jami'a ba ta sanin ya tafi.

Daga wannan ciwo na fito da wata karin magana tawa ta kaina, wadda ka sha ji a gidan nan: wa'adin jami'a alkawarin tela ne. Nakan faɗe ta in yi dariya, baƙi su taya ni, kai kana gefe kana ji. Shekara da shekaru kuma maganar tana fitowa gaskiya. A ce an rufe, a ƙara mako biyu, a sake ƙarawa, kowa ya gama sha'aninsa ya je ya tarar da taga a buɗe. Abin da ban gane ba, duk da tarin littattafan da suka cika mini ɗaki, shi ne ana ƙara wa'adi ne in akwai wurin da za a zuba mutane. In uwar gida ta ga tuwo ba zai isa ba, ba ta fitowa ta ce wa baƙi su koma. Saurin kwashewa take yi, wanda ya makara ya tarar an wanke tukunya.

Haka aka yi mana bara. An rage kasafin jami'o'i. Ba a gina sabon ɗakin karatu ba, malaman wucin gadi an sallami wasu, gadajen kwana ba su ƙaru ba, masu cin bak kuwa, jarrabawar gama sakandare, kullum ƙaruwa suke yi. Babu wanda ya fito ya ce 'ya'yan manoma ku yi haƙuri, bana babu ku. Shiru aka yi aka rage gurabe, aka gajarta kwanakin rajista, aka dasa su a tsakiyar kaka. Ina so in ga fuskar wanda ya zana wannan wa'adi. In ya san lokacin da ake yankan hatsi a Arewa, mugu ne. In bai sani ba, me yake yi a kan kujerar? Ɗan birni da silifas zai taka zuwa shagon intanet, ya cika rajistar farko kafin shayinsa ya huce. Namu yana tsakiyar gona, inda sai ya hau tudu waya take samun rezo. Rariyar nan ba daƙiƙai take tacewa ba, na nesa take tacewa. Na faɗi wannan don ka san fushina da su yana nan bai huce ba. Amma fushin da nake yi da su ba ya wanke ni, ga kuma dalili.

Wata Talata, lokacin hutun safe, muna zaune a rumfar malamai, wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Madam, ba ɗanki ya ci bak ba? Duba nan." Sanarwar ce, ranar aka fitar da ita. Na karanta sau biyu. Kwanakin 'yan kaɗan ne, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba za a ƙara ba. Ni mai alkawarin tela, wannan karon ban yi dariya ba, don ban taɓa ganin sun rubuta haka ba.

Na koma gida da azahar na tarar da kai. Ka zo daga Sukukutane ɗaukar buhuna da igiya, za ka koma yankan hatsin Inna. Kana zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro kana shan fura, tsakanina da kai bai fi taku goma ba. Na ajiye jaka. Na shiga ɗaki na fito. Na ɗauki tsintsiya na share wurin da aka riga aka share. Sannan na dubi katanga na ce, "Wasu dai an ce bana an rage musu kwanaki."

Ka ɗago kai ka ce, "Madam, da ni kike?"

Na ce, "Da kaji nake."

Ka yi dariya, ka shanye furarka, ka ɗaure buhunan a bayan babur, ka ce a gaida Baba in ya dawo. Ina tsaye da tsintsiya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ka tambaye ni kai tsaye, na ce da kaji nake. Tun daga ranar babu wayewar garin da ban sake jin amsar nan a kunnena ba.

Ka san al'adar, a cikinta ka girma. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta zama hira da shi. Da aka yaye ka Inna ta ɗauke ka, ita ka kira Inna, ni kuwa ka bi bakin gari ka kira ni Madam. Ko da ka dawo Dutsi shiga lise, babbar sakandare, "ɗan Inna" nake ce maka, ko "wannan", ko in yi gyaran murya. Ranar da sakamakon bak ya fito, maƙwabciyarmu ce ta yi guɗa. Ni na shige ɗaki na tura ƙofa, na zauna bakin gado da jerin sunayen a waya, ina ta bin naka da yatsa. Aka yabe ni, aka ce Madam akwai kawaici. Ni ce kuma nake tsayawa gaban 'yan matan ajina, in buga tebur in ce, "Ku ɗaga murya, kunya ba ta cin jarrabawa!"

Da ka tafi na gaya wa babanka. Ya ce, "Ai kullum ƙarawa suke yi, ke da kanki kike faɗa. In da rabo zai shiga." Karin maganata ce ta dawo ta mare ni. Na ce rabo ba ya sa hannu a takarda, amma ban tsaya a kai ba, don tsayawa a kai zai nuna na damu. Sai na yi abin da muka iya, na nemi ɗan aike. Na kira Sani, tunda in kaka ta yi yakan je Sukukutane sayen wake. Ko shi ban faɗa masa ranar rufewa ba, cewa na yi, "Ka tuna wa ɗan Inna zancen takardunsa, kada ya daɗe." Ya ce jibi zai tafi. Bai tafi ba, ya ba wani direba saƙon, direban ya ba maƙwabcin Inna. Abin da ya iso kunnenka a gona shi ne, "Madam tana gaisuwa, ta ce a yi ƙoƙari."

Da na hau babur da kaina ranar Laraba, da kafin la'asar ina tsaye a kanka. Na yi tunanin haka har na ɗauko mayafi. Sai na tuna abin da za a ce, Madam ta bi ɗan fari har gona. Na mayar da mayafin.

Ka ɗaure damin ƙarshe, ka cika wa Inna rumbu, ka zo ka ɗauki takardu ka shiga mota. Kwana huɗu ke nan da rufewa. Da ka dawo, babanka ka ba labari a zaure, ni ina bayan katanga. Ka ce ka tarar da taga a rufe, da samari irinka sun kai yawan aji guda suna tsaye, hannuwansu duk yankan karan hatsi. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Bana babu ƙari, ko ɗan wane ne." Daga nan ka juyo wajen da ka san ina tsaye, ka yi alkawarin da na buɗe wasiƙar nan da shi.

Ga abin da na saya da shekararka guda, ka karɓa kyauta. In magana ta shafi rayuwar mutum, ka faɗa masa da bakinka, ka kira sunansa, ka faɗi rana, ka faɗi sa'a. Kada ka ba wani ya ba wani. In kuma wata rana ka ga babba yana magana da katanga a gabanka, kada ka yi dariya ka tashi. Ka ajiye kwanon, ka sake tambaya.

Abin da na yi bayan nan ya fi wannan muni. Mata suka shigo jaje, ana tambayar yadda aka yi, sai na ji bakina yana cewa, "Yaran yanzu ba su da himma." Kana zaure, na san ka ji. Na bar ka ka ɗauki laifin. Ka yi ta sunkuyar da kai in mun haɗu a tsakar gida, ka daina cin abinci ƙarƙashin dogon yaro, daga baya ka tattara ka koma wajen Sani. Ba ka taɓa sanin cewa na ga sanarwar tun ranar farko ba, kuma ina riƙe da ranar rufewar a kaina lokacin da kake shan furar nan. Yanzu ka sani. A watan na zauna na rubuta doguwar wasiƙa zuwa jarida, shafi huɗu, a kan rage kasafi da gajarta wa'adi. Ta yi kyau, tana yanka kamar aska. Na zargi kowa a cikinta, ban da ni. Da na sake karantawa na kasa aikawa, tana nan ƙasan akwati. Kada ka taɓa barin wanda ba zai iya yi maka musu ba ya ɗauki laifinka. Shi zai ɗauka ya yi shiru, kai kuwa nauyin ba zai bar ka ba.

Sani ma na huce a kansa. Ka san tun da ya fara zama da samarin nan masu wa'azi ya tsayar da gemu, komai sai ya nemi inda aka rubuta shi. Ya ce mini, "Yaya, wannan kunyar taku fa babu ta a littafi, al'ada ce kawai." Na ce, "Gaskiya ne, malam. Amma isar da saƙon amana yana cikin littafi, a wane shafi ka tsaya da karatu?" Ya kama jan gemu. Na ji daɗin amsar kwana biyu, sannan na gane na sake yin abin da na saba, na ci gardama na bar gaskiya a ƙasa.

Da rani na je Sukukutane. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na faɗa mata komai, har da kajin. A raina ina jiran ta ce na kyauta, tunda ita ta koya mini.

Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Rakiya, mi kika ce? Yaro shina gabanki, kina magana da kaji?"

Na ce, "Inna, ke kika koya mini kunya."

Ta ce, "Kunya na koya miki, ban koya miki wauta ba. In wuta ta kama rigatai, sai ki aika Kore a kiro Sani? Ran da ƙyanda ta kama babban yayanku, goya shi na yi, ina kiran sunanai tun daga ƙofar gidan nan har wurin likita, gari duka na ji. Wa ya ce mini don mi?" Ta dubi rumbun da ka cika mata, sannan ta ce, "Da tsuntsaye sun cinye hatsin nan da ya fi mini."

Shekara ashirin ina gadin al'ada fiye da mai ita. Duk karatuna, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ce ta nuna mini inda iyakarta take.

Yanzu zancen tasharka. Ba zan yi maka ƙarya ba. Karatun shekara uku yana iya cin biyar. Za ka tarar da ɗakin da ya cika har ana zama a taga, malami ɗaya yana magana na baya ba sa ji. Na san cikin waɗanda kuke jiran fasinja tare akwai mai digiri a aljihu. Ba ni da ofis mai fanka da zan yi maka alkawarinsa, na daina alkawarin tela. Amma ka lura da abu ɗaya. Waɗanda suka rage tuwon, abin da suke jira ke nan, ka gaji ka cire kanka, don kada a ce su suka kore ka. Duk wanda bai zo ba yana sa ƙaramar tukunyarsu ta zama kamar ta isa. Kada ka taya su aikin. Teku ba za ta ƙafe ba, babur ɗin Sani ba zai tsufa a shekara uku ba, bak ce ba ta jira. A sanarwar bana an rubuta cewa masu ta bara sai an gama da na bana, in gurbi ya rage, kuma wanda ya riga zuwa shi za a fara dubawa. Masu ta shekara biyu ba a ko ambace su ba. Na karanta ta sau huɗu, wannan karon ban dubi katanga ba.

In da kai yaro ne wanda littafi yake sa wa ciwon kai, da na sa maka albarka ka tafi, fatauci ba abin kunya ba ne. Amma ka zaci ban san kana ɗaukar littattafaina ba? Kana mayar da su da tsinken tsintsiya a shafin da ka tsaya. Ni nake ajiye su a kan taga inda za ka gani, in ka gama ɗaya in sa wani. In na ga tsinken ya daɗe a wuri ɗaya sai in san littafin ya yi maka nauyi, in sauya. Ita ce kaɗai hirar da muka taɓa yi ni da kai, kuma a cikinta na san irin kan da Allah ya ba ka.

Na shirya abin da zan iya. Takardar haihuwarka da ta zama ɗan ƙasa, da kwafinsu masu hatimin ofishin magajin gari, duk suna cikin leda a ƙasan matashina. Abin da ya rage yana wurinka: takardar bak ta asali da ka tafi da ita cikin jaka, da hotuna, da sa hannunka. Waɗannan babu uwar da za ta iya yi wa ɗanta.

In ka isa, kada ka miƙa dosiyenka ga wanda ya tare ka a ƙofa ya ce ya san wani a ciki. Ka bi layi da ƙafarka, ka miƙa da hannunka, kada ka bar bakin taga sai an ba ka shaida mai hatimi, ka yi kwafinta ka ajiye daban. In aka ce ka dawo gobe, ka tambayi ƙarfe nawa, wurin wa. Ba rashin kunya ba ne. Inda aka ce ka zaɓi fanni na biyu da na uku, ka cika su, kada girman kai ya sa ka bar su fili, bana gurbi ya fi zaɓi tsada. Allon sanarwa kuwa ka karanta shi da idonka kowace safiya. Duk wanda ya ce maka "ai za a ƙara", ka ce masa uwarka ma ta taɓa faɗa.

Alhamis ta mako mai zuwa suke rufewa, ni kuma ban yarda da kwanakin ƙarshe ba. Ina jiranka a gida ranar Juma'ar nan kafin la'asar. Asabar mu yi rajistar intanet nan Dutsi, Lahadi ka shiga mota, Litinin da safe kana bakin taga.

In la'asar ɗin Juma'a ta yi ban gan ka ba, Asabar da sassafe zan shiga motar Kore Mairuwa. Na riga na nemi izinin direktan makarantarmu har da na Litinin. Ba shagon Sani zan nufa ba. Bakin kasuwa zan sauka, inda 'yan kabu-kabu kuke jeruwa. Zan tsaya a tsakiyarku, da muryar da nake tsawata wa aji cike da yara, in kira sunanka, in sake kira, har masu auna wake su ajiye kwano su juyo. Su ce Madam ta zautu, ta kira ɗan fari a kasuwa. Su kai labari har Sukukutane, Inna ta riga ta ba ni izini. Daga nan in hau bayan babur ɗinka kamar sauran matan da kake ɗauka, sai dai ni ba zan sauka ba sai a tasha, kuma kujera biyu zan kama.

Na duba wasiƙar nan tun daga sama, na ga har yanzu ban rubuta sunanka ba. A bayan ambulan ma "ɗan Inna" na sa. Bari in gwada a takarda kafin in gwada a kasuwa.

Isufu.

Hannun bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ashe abin da ya gagare ni ke nan a taku goma.

Ka yafe mini, Isufu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kawo ka gida lafiya, ya buɗe maka ƙofar da na taya aka rufe. Allah ya yi maka albarka ko ka zo da ƙafarka ko na zo na ɗauko ka. Ka gaida kawunka, ka ce masa wannan saƙon ba ya bukatar ɗan aike.

Juma'a, kafin la'asar. Ka zo da takardar.

Mahaifiyarka,
wadda kake kira Madam.